Curta, Odhner ko Comptometer: wacce tsohuwar na'urar lissafi za ka fara saya?

Yawancin waɗanda sha'awar tara tsofaffin na'urorin lissafi na ƙarfe ta kama, irin waɗanda ba batir ba lantarki sai haƙora da sifirin, Curta ce ta fara jan su. Mutum ya ga bidiyon wata 'yar baƙar aba da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, ana murza kanta tana fitar da amsa mai lambobi 11, sai ya ƙudurta shi ma sai ya mallake ta. Shawarata ita ce kada ta zama ta farko. Na'urar farko ta kamata ta zama wadda za ka iya cire wa murfi da sukurudireba, ka ga abin da ke motsi a ciki, ka gyara ta da hannunka idan ta cije. A kan wannan ma'auni zan auna manyan dangogi uku da ake samu a kasuwa, kuma kowane dangi halinsa ya biyo yadda aka ƙera shi da mutanen da aka ƙera wa.

Mu fara sallamar waɗanda ba na sayarwa ba ne ga mai madaidaicin aljihu. Na'urar da Blaise Pascal ya fara haɗawa a Faransa a 1642 don sauƙaƙa wa mahaifinsa lissafin haraji, 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya, kuma yawancinsu suna gidajen tarihi irin su Musée des Arts et Métiers na birnin Paris. Arithmomètre ta Charles Xavier Thomas de Colmar, wadda ya yi wa rajista a 1820 amma ba ta shiga kasuwa sosai ba sai 1851, ita ce ta farko da aka riƙa ƙerawa ana sayar wa bankuna da kamfanonin inshora. An ci gaba da yin ta har 1915, amma duk tsawon wannan lokaci kusan 5,500 kawai aka yi. Idan ɗaya ta fito gwanjo a cikin akwatinta na katako, masu gidajen tarihi da attajirai ne ke kokawa a kanta. Haka Millionaire, wadda Otto Steiger ya ƙirƙiro, Hans Egli ya riƙa ƙerawa a Zurich daga 1893 zuwa 1935: tana ninka lamba da juyi ɗaya tak ga kowane gurbi, amma kusan 5,000 kacal aka yi, kuma nauyinta ya fi ƙarfin a ɗauka da hannu ɗaya. A kalle su a Arithmeum da ke Bonn ko Science Museum na Landan, a wuce.

Dangi na farko da za a iya saya shi ne na Odhner. Willgodt Theophil Odhner ɗan Suwidin ne da ya je neman abinci St. Petersburg, ya yi aiki a masana'antar Ludvig Nobel. A cikin shekarun 1870 ya fito da dabarar da ta rage girman na'urar lissafi zuwa abin da zai zauna a gefen tebur. Wani Ba'amurke, Frank Baldwin, shi ma ya kai ga irin wannan dabara a gefensa, ya yi mata rajista a 1875, amma sunan Odhner ne ya bi ta. Dabarar ita ce faifai mai haƙora tara waɗanda ke noƙewa ciki su kuma fito. Ka ja ɗan ƙarfen saiti zuwa 7, haƙora bakwai su leƙo waje. Ka juya hannu sau ɗaya, haƙoran nan bakwai su tura ƙafafun sakamako gaba da bakwai. Faifai ɗaya ga kowane gurbi, a jere a kan sanda guda. Shi ke nan asirin. Ka juya gaba, tarawa. Ka juya baya, ɗebewa.

Odhner ya fara ƙera ta da yawa a 1890. A 1892 kamfanin Grimme, Natalis & Co. na birnin Braunschweig a Jamus, wanda sana'arsa kekunan ɗinki ce, ya sayi izinin yin ta, ya sa mata suna Brunsviga. Odhner ya rasu a 1905, 'ya'yansa suka ci gaba har juyin juya halin 1917 ya raba su da masana'antar, lokacin an yi kusan 23,000. Iyalin suka koma Göteborg suka sake kafa ta da sunan Original-Odhner. Rasha kuwa ta ci gaba da buga tata da sunan Felix, sunan Felix Dzerzhinsky, shugaban 'yan sandan asiri na farko na Tarayyar Sobiyet, kuma ba a daina ba sai 1978. A Jamus sai ga Triumphator a Leipzig, Thales da Schubert a Rastatt, har da Walther, masu ƙera bindiga. A Japan akwai Tiger daga 1923. Miliyoyi aka yi, kuma wannan yawan shi ne babban alherin dangin ga mai farawa: farashi ƙasa, kayan gyara a wadace, domin matacciya ɗaya tana iya raya uku.

Aiki da ita yana da daɗi ta hanyar da hoto ba ya nunawa. A ce za ka ninka 347 sau 26. Ka saita 347, ka juya hannu sau shida, ka zame taragon sakamako, wato sashen da amsa ke fitowa mai zamewa hagu da dama, gurbi ɗaya, ka juya sau biyu. Amsa ta fito, 9022, kuma ƙaramin ma'aunin da ke gefe yana nuna 26, shaidar cewa ba ka yi kuskuren ƙirga juyi ba. Tsofaffin akawu ba sa juya hannu sau 17 don ninkawa da 98. Juyi ɗaya gaba a gurbin ɗari, biyu baya a gurbin ɗaya, an gama. Rabawa kuwa ɗebewa ce a kai a kai har ƙararrawa ta buga, alamar ka zarce ƙasa da sifili. Sai ka mayar da juyi ɗaya, ka zame tarago, ka ci gaba. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau biyar ya fahimci doguwar rabawa fiye da yadda allo ya taɓa fahimtar da shi.

To amma ba duka 'yan dangin ba ne ɗaya. Abu biyu za ka tambaya kafin ka biya. Na farko, shin ma'aunin juyi yana tsallakar da goma zuwa gurbi na gaba? Masu araha ba sa yi. A kansu za ka ga lambobi farare da jajaye, kuma a misalin 98 ɗin can za su nuna maka 1, 0 da jan 2, kai ne za ka fassara da kanka. Na biyu, shin tana iya mayar da sakamako zuwa wurin saiti ba tare da ka sake kwafa ba? Wannan yana da amfani idan za ka ninka lambobi uku a jere. Brunsviga 13 RK ta shekarun 1950 tana da duka biyun, da gurabe 10 na saiti, 8 na juyi, 13 na sakamako, kuma a ganina ita ce mafi dacewa da mai farawa idan ta samu. Original-Odhner ta bayan yaƙi tana biye da ita, ta ma fi ta sauƙin ɗauka. Felix ita ce mafi araha, amma araha ba ta ado: aikinta kaushi ne, fentinta na ɓarewa, wata ma tun daga masana'anta take da tauri. Duk da haka ba na raina ta. Ga wanda ke son ya koyi kwancewa da ɗaurawa ba tare da fargabar asara ba, babu kamarta.

Facit tana buƙatar magana ta daban. A 1932 kamfanin, wanda ke Åtvidaberg a Suwidin, ya fito da samfurin da injiniya Karl Rudin ya tsara, inda maɓallai goma suka maye gurbin 'yan ƙarafan saiti da ke cin yatsa. An jera su layi biyu ta wata hanya mai ban mamaki, 2 4 5 7 9 a sama, 1 3 0 6 8 a ƙasa. Ta fi sauri, ta fi kyan gani, kuma a 1942 Original-Odhner ma ta shiga ƙarƙashin rukunin kamfanin. Sai dai cikinta a cunkushe yake, kuma tsohon mai idan ya daskare a jikin faifanta yakan kulle komai. Facit da ke aiki abin so ce. Facit da ta cije aikin sati ne ga wanda ya iya. Labarin kamfanin kansa ana koyar da shi a makarantun kasuwanci: a 1970 yana da ma'aikata kusan 14,000, ya ci gaba da inganta haƙoran ƙarfe alhali Japan na turo na lantarki, bai cika shekara uku ba Electrolux ta saye shi. Abin dariyar shi ne, ɗaya daga kamfanonin Japan da suka fara da kwaikwayon Odhner, wanda daga baya ya zama Busicom, shi ne ya ba Intel kwangilar da ta haifi guntun 4004, ƙwaƙwalwar kwamfuta a ɗan guntu ɗaya, a 1971.

Dangi na biyu dabba ce daban. Comptometer ba ta da hannun juyawa na lissafi. Ƙarfen da ke gefenta na gogewa ne kawai. Maɓallin da ka danna shi ne injin. Dorr E. Felt, matashi mai aikin injin a Chicago, ya fara haɗa samfurin farko a ƙarshen 1884 yana da shekara 22, da akwatin taliya na katako, da tsinkayen tsire, da robobin ɗauri. Wannan akwati yana gidan tarihin Smithsonian a yau. Ya sami rajista a 1887, ya haɗa gwiwa da Robert Tarrant, suka kafa Felt & Tarrant. Na farkon masu jikin katako ne, har zuwa 1903, kuma su ma sun shiga sahun masu tsada. Daga Model A ta 1904 aka koma jikin ƙarfe, aka kuma samu abin da ya sa ta gagara: ana iya danna maɓallai na gurabe daban-daban a lokaci guda. Wato ƙwararriya ba ta shigar da 347 lamba bayan lamba, yatsu uku take saukewa tare. Ninkawa da 26 kuwa, ta danna sau shida, ta matsa da yatsun gurbi ɗaya hagu, ta danna sau biyu. A wajen tara dogon jerin kuɗi, babu na'urar hannu da ta kama ƙafarta, kuma ko na lantarkin farko ba su kore ta nan take ba.

Na ce ƙwararriya domin galibi mata ne suka yi wannan aiki, kuma koyonsa ake yi. Kamfanin ya buɗe makarantu a birane da yawa na Amurka da Birtaniya yana horar da masu aiki, ya ba su takardar shaida, ya sama musu gurbi a ofisoshin albashi. Jikin na'urar ma yana nuna an yi ta ne don wadda ba ta kallon hannunta. Kowane gurbi yana da maɓallai 1 zuwa 9, babu sifili. Maɓallan mara suna da ɗan rami, na cika kuwa sumul suke, don yatsa ya gane inda yake. Da yawa ba sa ma miƙa hannu sama da 5. Idan suna son 8, sai su danna 4 sau biyu, har kamfanin Bell Punch na Ingila ya riƙa yin wata mai rabin maɓallai, 1 zuwa 5 kawai. Daga baya aka ƙara kariyar da ke kulle sauran maɓallai idan aka danna ɗaya bai kai ƙasa ba, don kada kuskure ya wuce a ɓoye. Model F ta 1915, H ta 1920 da J ta 1926 duk suna da ita, kuma su ne aka fi samu.

Inda Comptometer ke ba sabon shiga haushi shi ne ɗebewa, domin ƙafafunta gaba kawai suke tafiya. A kan kowane maɓalli akwai babbar lamba da ƙarama, waɗanda jimlarsu 9 ce. Za ka cire 26 daga 84? Ka shigar da 84, ka rage ɗaya daga 26 ya zama 25, ka danna 2 da 5 a ƙananan lambobi, waɗanda a zahiri 7 da 4 ne. Na'ura ta tara 84 da 74, wato 158, kai kuma kana danne da wani ɗan ƙarfe da ke hana ɗayan can tsallakawa. Abin da ya rage a taga shi ne 58. Daidai ne, kuma da zarar ka gane dalili za ka ji daɗi, amma baƙon da ka nuna wa zai yi maka kallon mai rufa-ido. Wannan ita ce matsalarta a matsayin abin tarawa: kyawunta yana hannun mai sarrafa ta. Odhner tana ba ka amsar rabawa a ranar farko. Comptometer sai ka ba ta watanni, in ba haka ba akwati ne mai maɓallai 72 a kan kanta.

Akwai dalili ɗaya da zai sa mutumin ƙasarmu ya fifita ta duk da haka. An yi samfura na musamman don fam da sule da kwabo, inda gurbin kwabo ke kaiwa 11 kafin ya tsallaka, sule kuma ya cika 20 ya koma fam. Da irin wannan lissafi Najeriya ta yi ciniki har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo, Ghana har 1965, Birtaniya har Fabrairun 1971. Da aka koma lissafin goma-goma, waɗannan na'urori suka zama marasa amfani dare ɗaya, shi ya sa har yau suna da yawa a kasuwannin tsofaffin kaya na Ingila, na Felt & Tarrant da Sumlock ta Bell Punch. Dattijon da ya san taro da sisi da fataka zai gane maɓallan nan tun kafin ka yi masa bayani, kuma babu Curta da za ta ba ka wannan. Idan ka ci karo da irinta a kayan wani tsohon kanti ko ofis, kada ka bari ta tafi wurin masu awon ƙarfe. Wani abin lura: kamfanin da ya yi Sumlock shi ne ya fito da ANITA a 1961, na'urar lissafi ta tebur ta farko mai aiki da lantarki zalla, kuma fuskarta cike take da layukan maɓallai irin na Comptometer.

Sai Curta. Curt Herzstark an haife shi a Vienna a 1902, a gidan sana'ar. Mahaifinsa yana da masana'antar na'urorin lissafi. Yana yawon talla, abokan ciniki suna ta faɗa masa abu guda: suna son wadda za ta shiga aljihu. Injiniya a wurin gini da mai awon ƙasa a daji ba za su iya yawo da ƙarfe mai kilo shida ba. A 1938 ya yi rajistar dabararsa, a shekarar da Jamus ta haɗiye Ostiriya, aka tilasta wa masana'antar yin kayan awo na soja. Mahaifinsa Bayahude ne. A 1943 aka kama shi bisa zargin taimakon Yahudawa, aka kai shi sansanin gwale-gwale na Buchenwald. Gwanintarsa ta sa aka tura shi masana'antar makamai da ke haɗe da sansanin, kuma da shugabannin suka ji labarin na'urar, suka ba shi izinin zana ta, da nufin a miƙa wa Hitler kyauta idan an ci yaƙi. Ya zana ta daga ƙwaƙwalwarsa, ɓangare bayan ɓangare. Sojojin Amurka sun iso sansanin ranar 11 ga Afrilu 1945. Ya kai zanen wata masana'anta a yankin Weimar aka yi masa samfura uku, da ya ga yankin zai faɗa hannun Sobiyet sai ya kwance su ya gudu Vienna. Yariman Liechtenstein, Franz Josef II, wanda ke neman masana'antu ga 'yar ƙasarsa, shi ya gayyace shi, aka kafa Contina AG a garin Mauren. Ko a nan bai huta ba, domin masu zuba jari sun nemi su tura shi gefe. Abin da ya cece shi shi ne rajistar tana da sunansa. Ya rasu a 1988.

Abin da ya yi a fasahance ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Ya ɗauki tsohuwar ganga mai haƙora hawa-hawa da masanin lissafi Leibniz ya ƙirƙiro a ƙarni na 17, wadda Thomas ya jera ɗaya ga kowane gurbi, ya ce ɗaya ta isa. Ya tsayar da ita a tsakiya, ya kewaye ta da gurabe. Don ɗebewa kuma ya saka jeri na biyu na haƙora a jikin gangar, masu yin lissafin cikon tara ɗin nan da mai Comptometer ke yi da ka. Ka ɗaga hannun sama kaɗan, jan zobe ko fari ya bayyana, juyin ya zama ɗebewa. Type I tana da gurabe 8 na saiti, 6 na juyi, 11 na sakamako, nauyinta kusan giram 230, girmanta bai fi ƙaramin gwangwanin madara ba. Type II ta fito a 1954 da 11, 8 da 15. An yi kusan 140,000 gaba ɗaya, wajen 80,000 na farko da 60,000 na biyu, kafin a tsaya a farkon shekarun 1970. A Amurka an sayar da su a wancan lokaci kan dala 125 da 175. Masu tseren mota na ƙididdigar lokaci sun riƙe ta har bayan zuwan na lantarki, domin girgizar hanya ba ta dame ta, kuma yatsa yana jin kowane juyi ba sai an duba ba.

Me ya sa to na ce a jinkirta ta? Sassa kusan 600 ne a cikin wannan ɗan jiki, wasu sai da madubin mai gyaran agogo ake ganinsu. Tun zamanin da ake sayar da ita sabuwa, an san masu ita da kwance ta don son sani, su kasa mayarwa, su aika wa kamfani a cikin kwali. Yau babu kamfanin, masu gyaran ƙalilan ne a Turai da Amurka, kuma kai da komowa kaɗai kuɗi ne. Hannunta gefe ɗaya yake juyawa. Wanda ya tilasta shi baya ya yi ɓarna. Murfin gwangwaninta na ƙarfe ma, ban da na farko-farko, baibai ake buɗe shi, kuma wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure shi yana zaton buɗewa yake. Zoben gogewa da ke samanta yana karyewa. Farashinta a yau yakan haura dala dubu, kuɗin da zai saya maka Odhner da Comptometer da Facit har da canji. Idan ka kashe wannan a kan na'urar farko, tsoro zai hana ka ba yara su taɓa, kai ma za ka riƙa murza ta da ɗari-ɗari. Tsakanin Type I da II kuwa, idan lokacin ya zo, ni na fi son ta farko: ita ce ainihin abin da Herzstark ya yi niyya, mai shiga aljihu, kuma gurabe 11 sun ishi duk lissafin da za ka yi don nishaɗi.

A wuri ɗaya Curta ta yi wa sauran fintinkau, kuma ga wanda ke zaune nesa da Turai ba ƙaramin abu ba ne: jigila. Odhner tana da kilo biyar zuwa takwas, Comptometer tana kusantar goma, kuma sau da yawa kuɗin aiko su ya fi kuɗin sayensu, ga kwastan. Ga shi kuma a hanya suke karyewa, musamman hannun Odhner da fukafukan taragonta idan mai sayarwa ya yi sakaci da naɗi. Curta kuwa ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya zai sako ta a jakar hannu. Tana kuma da gwangwani mai rufewa ruf, abin da ke da daraja a inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Odhner tana da tsagogi a buɗe inda ƙarafan saiti ke bi, Comptometer tana da rami a ƙarƙashin kowane maɓalli. Ƙura ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe. Dole a ɗinka musu riga, a kuma nisanta su da danshin damina.

Amma a wajen gyara lissafin ya juye. Ciwon yawancin waɗannan na'urori ɗaya ne, tsohon mai da ya bushe shekara hamsin ya zama danƙo. A jikin Odhner, kusoshi kaɗan za ka kwance murfi ya fita, ka wanke faifan da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka bari ya bushe, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Mai gyaran keken ɗinki ko tafireta na unguwa zai iya taya ka. Kada a yi mata feshin nan na kwance kusa mai tsatsa, yana sakin ta yau ya daskare gobe. Kada kuma a yi ƙarfi da hannun da ya tsaya. Sau da yawa ba lalacewa ba ce, wani ƙarfen gogewa ne bai koma mazauninsa ba, na'urar ta kulle kanta da gangan. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ciwon tutiya: wasu masana'antu sun zuba sassa da gaurayen tutiya marar tsabta, wanda da shekaru yake kumbura ya tsattsage. Ka ga tsaga kamar ta busasshiyar ƙasa a jikin faifai ko gindi, ka haƙura da ita komai arha. Comptometer tana tsakiya. Ƙarfenta mai kyau ne, ba ta cika mutuwa ba, wanka da mai yakan tashe ta, amma idan sifirin ya tsinke a gurbi na tsakiya, isa gare shi sai an yi haƙuri.

Masu mota a ciki, irin su Friden da Marchant da Monroe na shekarun 1950, a bar su tukuna. Suna da ban sha'awa, Friden ma ta yi wadda ke fitar da tushen lamba da kanta a 1952, amma sassansu dubbai ne, na Amurka wutar 110 suke ci, kuma idan suka cije motar ba ta san ta tsaya ba. Wanda kuma aljihunsa bai kai ko Felix ba, akwai Addiator, 'yar falle ta ƙarfe da ake ja da tsinke, wadda aka fara yi a Berlin a 1920 aka ci gaba har 1982. Tana tarawa tana ɗebewa, tana shiga ambulan, sai dai ba ƙafafu masu juyawa a cikinta, kai ne kake tsallakar da goma da hannunka.

Tun da galibi ta intanet za a saya, kada a yi cinikin biri a sama. Kalmar "tana aiki" a bakin mai sayar da kayan gado tana iya nufin hannu yana juyawa kawai. Ka nemi bidiyo na gwaji ɗaya. A Odhner ko Curta, a goge komai ya koma sifili, a saita 1, a ɗebe sau ɗaya: dole kowace tagar sakamako ta nuna 9 daga farko har ƙarshe, a Odhner kuma ƙararrawa ta buga. A tara ɗayan, duka su koma sifili. Wannan yana gwada tsallakar goma a kowane gurbi, inda yawancin ciwo ke ɓuya. A Comptometer, a danna 9 a duk gurabe sannan a danna 1 a na ƙarshen dama, a ga sifilai sun bi juna zuwa hagu ba tare da ɗaya ta maƙale ba. Ka kuma nemi hoton lambar siriyal, wadda a Curta take a gindi, domin da ita ake kintatar shekarar ƙira, kuma mai tallan da ya ƙi nuna ta wataƙila hoton na'urar wani yake amfani da shi.

Idan Brunsviga ko Original-Odhner ta ci wannan gwaji, ka biya, ka roƙi mai ita ya kulle taragon a tsakiya, ya ɗaure hannun da igiya, ya sa ta a kwali biyu.